Makarantar da ke Cikin Bas ɗin 'Yan Ƙwallo

Wata Juma'a da yamma yayata ta kira ni a waya, tun daga sallamarta na san akwai magana. Ɗanta na biyu, wanda ke aji uku a jami'a, lokacin fitarsa koyon aiki ya yi, kuma hanya biyu ce a gabansa. Ɗaya kujera ce a wani ofishi cikin gari, wadda abokin mahaifinsa ya samar masa. Ɗayar kuwa wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta ce ya zo ya riƙa taimaka wa sakatarenta, ya bi ta duk inda ta je wasa. Yaro ya ce shi ta biyun yake so. "Kai ne kawunsa, yana jin maganarka," in ji ta. "Ka gaya masa ba mu biya kuɗin makaranta don ya zama yaron mota ba."

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, wannan karon ina bayansa."

Ba ta ji daɗi ba, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Duk shekara in lokacin fitar ɗalibai ya zo, sai an yi wannan ja-in-ja a gidaje da majalisu: wane irin wuri ne ya cancanci a kira shi wurin koyon aiki? Galibin iyaye sun fi son ginin da ke da suna a rubuce a ƙofa. Ni kuwa ra'ayina shi ne, matashin da ya bi ƙungiyar wasa yawo na 'yan watanni, aka ɗora masa nauyi na gaske, aka kuma haɗa shi da wanda zai nuna masa aiki, zai dawo da abin da zai ci gajiyarsa ko da bai sake taka filin wasa ba har abada. Ina da sharuɗɗa, zan kuma zo kansu, don akwai wuraren da masu sukar wannan abu suka fi ni gaskiya.

Mu fara da kujerar ofishin. Hukumar ITF ce ta ƙirƙiro shirin koyon aiki na SIWES a 1973, da nufin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya karɓi takarda. Niyya ce mai kyau, kuma akwai wuraren da suka riƙe ta da gaskiya. Amma a tambayi waɗanda suka yi. Ni na yi nawa wata shida a wani ofishin da ba zan kama sunansa ba. Ba wanda ya wulaƙanta ni, ba kuma wanda ya ba ni aikin da in na ɓata shi wani zai ji a jikinsa. Fayil in kai nan, takarda in kai can, ranar Juma'a a sa mini hannu a littafi. Na fita ban san ko ni mai iya riƙe amana ba ne, domin ba a taɓa ba ni ajiyar komai ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, to in ba a gwada ba fa?

Wurin da na ga an ɗauki koyon aiki cikin tafiya da muhimmanci shi ne wata ƙungiyar wasan golf ta matasa a Amurka, wadda ake kira AJGA. An kafa ta a 1978, hedikwatarta na garin Braselton a jihar Jojiya, aikinta kuwa shirya gasa ga yara masu shekara 12 zuwa 19. Tiger Woods da Phil Mickelson da Jordan Spieth duk sun buga gasarta suna ƙanana. Tana shirya gasa sama da 100 a shekara, a warwatse a faɗin ƙasar, kuma babban ɓangare na aikin yana wuyan ɗaliban jami'a da sabbin masu digiri da take ɗauka koyon aiki. Takan kasa su rukuni-rukuni, a ba su mota mai jan tirela maƙare da kaya. In sun isa gari, su za su kafa rumfuna da alluna, su zagaye fili da fenti da turaku suna shata iyaka, su tsaya tun asuba suna kiran sunayen 'yan wasa kowa a kan lokacinsa. Wasu na yawo cikin fili suna warware gardamar doka, wasu na karɓar takardun maki suna tantancewa, wasu na ɗaukar hoto da rubuta labarin gasa. An miƙa kofi ke nan sai a kwance komai, a loda, a kama hanyar wata jiha. Ana biyansu, kuma ƙungiyar ce ke ɗauke da tafiyarsu da masaukinsu.

Abin lura shi ne, waɗannan matasa ba 'yan wasa ba ne, ba kuma horon buga golf suke samu ba. Me ya sa ɗalibin harkar kasuwanci ko na aikin jarida zai yarda ya ƙone a rana tsawon bazara yana kafa turaku? Saboda a cikin 'yan watanni zai ɗauki aiki guda tun daga tushe har ƙarshensa, ya maimaita shi sau da yawa, kowane karo a sabon wuri, da sabbin mutane, da sabuwar matsala. A ofis kana ganin yanki ɗaya na aiki, mai yiwuwa ka shekara ba ka ga inda ya dosa ba. A gasa kuwa farko da tsakiya da ƙarshe duk suna cikin mako guda, kuskuren da ka yi ranar Litinin zai tsaya a gabanka ranar Laraba, sannan mako mai zuwa ga dama ta gyara.

Sai kuma agogo, wanda a ganina shi ne babban malami a wannan makaranta. Mu nan mun saba da "a dawo gobe". Taro na ƙarfe goma sai sha biyu, takarda ta kwana a tebur wata guda ba wanda ya mutu. Wasa bai san wannan ba. In an ce ƙarfe huɗu alƙalin wasa zai busa usur, to ƙarfe huɗun ce, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Wanda ya yi wata biyar yana rayuwa a ƙarƙashin wannan hukunci, lissafinsa kan juya: daga lokacin wasa yake ƙirgowa baya. In za a take leda ƙarfe huɗu, yaushe za a bar otal? In za a bar otal ƙarfe biyu, yaushe za a ci abinci? Yaushe mai dafawa zai je kasuwa, wa zai ba shi kuɗi, wa ya karɓo kuɗin? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya haddace wannan karin magana, amma wanda ya taɓa isa fili ya tarar an manto jakar safa a garin da aka baro, shi ya san nauyinta.

A gasar Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowacce na buga wasa 38 a kaka, 19 daga ciki a waje. Ƙungiyar da ke Kano ko Katsina ko Maiduguri, in za ta Aba wajen Enyimba ko Fatakwal wajen Rivers United, tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 ko fiye, kuma sau da yawa a mota ake yin ta. Mai kallo minti 90 yake gani. Bai ga wanda ya ƙirga kawuna kafin bas ya tashi ba, da wanda ya kama ɗakuna, da wanda ya tabbatar an ɗauko riguna kala biyu don kada a yi karo da na masu gida, da wanda ya zauna taron share fage tare da kwamishinan wasa, da wanda ya rungume jakar lasisin 'yan wasa kamar jariri. Duk wannan aiki ne, kuma kowane ɗaya yana da ɗan'uwansa a wajen ƙwallo. Mai jigilar kaya daga Legas zuwa Kano, da mai shirya taron ƙasa, da jami'in da ke kula da alhazai a Makka da Madina, da ma'aikacin agaji da ke kai abinci sansanin 'yan gudun hijira, dukansu mutane da kaya da kuɗi da lokaci suke sarrafawa a wurin da ba nasu ba.

Wani zai ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne, kowa ma zai iya. To a duba. A watan Nuwamban 2017 Najeriya ta je Aljeriya wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya, aka tashi 1-1. Daga baya FIFA ta ƙwace sakamakon ta ba Aljeriya 3-0, saboda an saka Shehu Abdullahi alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka hana shi buga wannan wasa. Allah ya taimaka mun riga mun samu gurbi. Sama da shekara bakwai bayan haka Afirka ta Kudu ta faɗa ramin nan dai: ta saka Teboho Mokoena a wasanta da Lesotho a watan Maris na 2025, FIFA ta mayar da nasararta rashin nasara da ci 3-0, maki uku suka tafi, a rukunin da mu ma muke ciki. Ɗan wasa bai yi laifi ba, koci ma dabarar fili ce a gabansa. Ƙirga kati aikin mutumin da ke riƙe da biro ne a bayan fage. Matashin da aka damƙa wa littafin ƙirga kati, ya san cewa layi ɗaya in ya tsallake gumin mutum talatin ya tafi a banza, wane banki ne ko wane asibiti zai koya masa kula da takarda fiye da haka?

Darasin da ya fi kowanne wuyar samu a aji shi ne na mutane. Baƙo a garin wasu ba shi da iko a kan kowa. Mai gadin fili bai san mahaifinka ba, manajan otal bai damu da digirinka ba, ɗan sandan da ke shingen hanya ya gaji, magoya bayan masu gida kuwa ba sa fatan ka kwana lafiya. Amma dole ka sami ruwa, ka sami lokacin atisaye, a buɗe maka ɗakin sauya kaya. Nan ne matashi ke gane cewa da ɗan gari akan ci gari: ya koyi gaisuwa kafin buƙata, ya san wanda zai ce wa ranka ya daɗe da wanda zai kira abokina, ya san lokacin lallashi da lokacin tsayawa a kan haƙƙi, ya ajiye lambar wayar wanda ya taimake shi don baɗi ma za a dawo. A cikin bas ɗin ma wata duniya ce. Ga Bahaushe, ga Ibo, ga Bayarabe, ga ɗan Binuwai, wani lokaci har da ɗan Ghana ko Kamaru, kowa da abincinsa da ibadarsa da abin da ke ɓata masa rai, kuma an dawo daga wasan da aka sha kashi. Wanda ya iya raba ɗakuna a irin wannan dare ba tare da an yi faɗa ba ya iya jagorancin ma'aikata.

Kuɗi kuma fa? Wannan kaɗai ya isa makaranta. A ba ka kuɗin mai da na abinci da na otal a hannu, ka yi kwana huɗu a hanya, ka dawo ka zube rasit ka cike lissafi har sisin kwabo. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau zai gaya maka cewa masu ilimi sun yi yawa, wanda za a aika da kuɗi a yi barci shi ne ya yi ƙaranci.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke kallon wannan kamar baƙon abu, alhali da shi aka gina arzikin ƙasar Hausa. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro wata da watanni yake yi a hanya. Akwai madugu, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai ubandawaki, sannan ga yara masu kora jakuna da ɗaure kaya. A zango yaro ke koyon yadda ake sasantawa da sarkin gari kan kuɗin fito, da yadda ake yayyafa wa goro ruwa a sauya masa ganye kada ya lalace, da yadda ake gane mai gaskiya a kasuwar da ba a jin harshenta. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a fataucin goro ya goge. Da jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya juya can, ya zama attajirin da har yau ake ambato. Goro daban, gyaɗa daban. Abin da ya ɗauko daga wancan ya kawo wannan shi ne sanin hanya da mutane da lissafi da amana. To me ya sa jikokin fatake za su raina ilimin da ake samu a kan hanya? Mu ne fa muka ce tafiya mabuɗin ilimi.

Yanzu ga masu suka, kuma ba zan rage musu ƙarfin hujja ba.

Na farko sun ce wannan dako ne aka sa wa sunan koyo. Yaro zai yi ta ɗaukar jaka da wankin riguna, manya na karɓar alawus: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi hakan na faruwa, kuma in haka ne to yayata ta yi gaskiya. Tafiya ita kaɗai ba ta koyar da komai, jakin ayari ma ya je Gwanja ya dawo. Abin da ke raba ɗan koyo da ɗan dako shi ne, shin ana buɗe masa littafin? Ana shiga da shi taron share fage? In ya yi kuskure, akwai mai zaunar da shi ya nuna masa inda ya kauce? Ɗaukar jaka ba abin kunya ba ne, kowa daga nan ya fara. Amma in wata uku ya wuce aikinsa bai ƙaru da komai ba, ya tattara ya dawo gida. Abin da ya sa na kawo misalin AJGA ke nan: can aikin a rubuce yake, akwai ma'aikacin dindindin a kan kowace gasa, kuma hukuncin da ɗan koyo ya yanke a fili hukunci ne da ke shiga sakamako.

Na biyu ya shafi mu masu goyon baya ne. Muna son kawo labarin José Mourinho, wanda ya zama tafintan Bobby Robson a Sporting ta Lisbon a 1992, ya bi shi Porto, ya bi shi Barcelona a 1996, har ya zo ya ci kofin Zakarun Turai da Porto a 2004. Ko Erik Spoelstra, wanda ya shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta Miami Heat a 1995 yana haɗa bidiyon wasanni, ya zama babban kocinta a 2008. Masu suka sukan ce, tafinta nawa ne suka mutu suna tafinta? Gaskiyarsu. Kujerun sama a harkar wasa kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka, kuma zalunci ne a sayar wa matashi mafarkin Mourinho. Shi ya sa hujjata ba ta jingina da zama koci ko shugaban ƙungiya ba. Ina maganar mutum tara cikin goma da za su bar harkar wasa su koma wani fagen. Abin da kawai zan ɗauka daga Mourinho shi ne, aikinsa ƙarami ne amma a ɗakin da ake yanke shawara yake yin sa, kunnensa a buɗe.

Na uku shi ne wanda ke hana ni barci, shi ne kuma ainihin abin da ke zuciyar yayata ko da ba ta furta ba: hanya. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Ranar 31 ga Mayun 2025 kuma motar da ta ɗauko tawagar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa daga kan gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris a iso gida, mutum sama da 20 suka rasu, 'yan wasa da jami'ai. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri. Ba ni da bakin ce wa uwa kada ta ji tsoro bayan wannan. Abin da zan iya cewa shi ne, tsoron ya zama tambaya. Direba nawa ne a motar? Ana tafiyar dare? Yaushe aka duba taya da birki? Akwai inshora, kuma sunan ɗan koyo na ciki, ko kuwa shi ba a ƙirga shi a mutane? Ƙungiyar da ta kasa amsa waɗannan ba ta cancanci a ba ta ɗan kowa ba. Kuma in an duba da kyau, waɗannan tambayoyi su ne aikin da muke so yaran su koya. Ƙarancin ƙwararrun masu tsara tafiya yana daga cikin abin da ke jefa tawagoginmu cikin haɗari, to ina za a same su in ba a horar da su ba?

Batun kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, don a wajena ba abin muhawara ba ne. Koyon aikin da ba a biya, ɗan mai hali kaɗai ke iya yin sa. Sanannen abu ne cewa ƙungiyoyinmu da dama na riƙe wa 'yan wasansu ma albashi, balle ɗan koyo. Ci da kwana da ɗan abin sawa a aljihu, a rubuce kafin a tashi. In babu, babu.

Akwai masu tsoron tarbiyya, cewa yawon otal-otal da cuɗanya da 'yan ƙwallo zai lalata yaro, ga caca ta waya da ta addabi matasa, ga shaye-shaye. Ban raina wannan ba. Sai dai duk abin da ake tsoro a Aba akwai shi a bayan layinmu, kuma zaman banza ya fi tafiya saurin kai yaro gare shi. Wanda aka ce ya tashe mutane ƙarfe biyar na asuba ba shi da daren da zai ɓatar. Game da 'ya'ya mata kuwa, na san gidaje da yawa ba za su yarda da doguwar tafiya ba, kuma ina girmama dalilinsu na addini da al'ada. Amma ƙungiyoyin mata na buƙatar mata masu kula da lafiya da walwala da lissafi, gasannin makarantu da na cikin jiha kuma ana iya zuwa a dawo a yini. A nemo tsarin da zai kwantar wa iyaye hankali ya fi a rufe ƙofar baki ɗaya.

Saura hujja ɗaya, ita ce ta masu cewa ko ya koya, wa zai yarda? Ka je neman aiki ka ce ka bi 'yan ƙwallo wata shida, sai a yi murmushi a kira na gaba. Wannan rabi gaskiya ne, rabin kuma laifin yadda matasan ke ba da labarin kansu ne. Wanda ya ce "na yi aiki da kulob" bai faɗi komai ba. Wanda ya ce ya tsara tafiyar mutum talatin zuwa jihohi takwas, ya riƙe kuɗin hanya ya cike lissafi ba gibi, ya kula da rajistar 'yan wasa kaka guda ba a taɓa ƙwace musu maki ba, wannan ya ajiye hujja a tebur. Masu ɗaukar aiki na son tambayar nan ta "ba mu labarin ranar da abu ya lalace maka, yaya ka yi?" Ɗan kujerar ofis sai ya yi ta lalube. Ɗan hanya kuwa zaɓa zai yi. Tuna abin da ya sami Super Eagles a watan Oktoban 2024, lokacin da aka karkatar da jirginsu zuwa filin Al Abraq a Libiya, suka kwana a can sama da awa 12, har CAF ta ba Najeriya wasan da ci 3-0 ta kuma ci tarar Libiya dala 50,000. Duk wanda ke cikin masu hidimar wannan tawaga a wannan dare, mai neman ruwa da mai kiran ofishin jakadanci da mai tattara shaidar abin da ya faru, ya yi jarrabawar da ba a rubuta ta a kowace jami'a.

Don haka nake ganin jami'o'i da kwalejojinmu su daina ɗaukar wannan a matsayin abin da ya shafi ɗaliban sashen motsa jiki kaɗai. Ɗalibin lissafin kuɗi, da na aikin jarida, da na gashin ƙashi, da na kwamfuta, kowa na da gurbi a bas ɗin. Su kuma ƙungiyoyin, waɗanda galibinsu da kuɗin gwamnatocin jihohi suke tafiya, ai haƙƙin jama'a ne a kansu su buɗe wa ɗalibai biyu ko uku ƙofa kowace kaka, da takardar yarjejeniya, da mai kula, da shaidar kammalawa mai bayyana abin da yaro ya yi dalla-dalla.

Da ni da mahaifin yaron muka je muka zauna da sakataren ƙungiyar, muka yi masa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya amsa wasu nan take, wasu ya ce a ba shi mako guda, kuma ya cika. Na saya wa yaron littafi mai bango mai kauri, na ce kowane dare ya rubuta abin da ya lalace da yadda aka gyara, da sunan duk wanda ya taimake su.

A tafiyarsu ta uku ya kira ni wajen ƙarfe goma na dare daga wani gari a kudu. Sun isa sun tarar otal ya ba wasu rabin ɗakunan da suka kama, sakatare kuma yana can wajen jami'an wasa, wayarsa a kashe. "Kawu, mutum goma sha biyu ne ba su da wurin kwana, kuma gobe wasa." Na buɗe baki zan ba shi shawara ke nan sai ya ce in dakata, ya riga ya tambayi wani mai shayi inda unguwar Hausawa take, yana kan acaɓa zuwa gidan sarkinsu, so yake kawai in gaya masa yadda ake gaishe da irin wannan dattijo a irin wannan lokaci. Na gaya masa. Sha ɗaya da rabi ya turo saƙo cewa an sauke su a wani masauki kusa da kasuwa, ya kuma karɓi rasit.

Da safe na karanta wa yayata saƙon. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ya ci abinci kuwa?" Har yanzu duk ranar da bas ɗinsu zai tashi sai ta kira ni tun da asuba, ta sa na kira shi na tambaya ko direba biyu ne.